Kufan Takadda da Sauran Garuruwan da Hamada Ta Cinye

 

Wanda duk ya tsaya a Tabla ya ba kudu baya, abin da zai gani a gabansa kwari ne guda, mai faɗi, mai farin rairayi, ga gawo da goriba jefi-jefi, ga duwatsu sun yi masa katanga gabas da yamma. Wannan shi ne Dallol Bosso. Idan matafiyi ya bi shi ya nufi arewa, zai wuce Bonkuku, ya wuce Filinge, ya wuce Abala, daga nan sai sunan kwarin ya sauya ya koma Azawak, ya yi ta miƙewa cikin ƙasar makiyaya har ya tarar da fadamar Irhazer, wadda take karɓar ruwan da ke gangarowa daga duwatsun Azbin. Ta kudu kuwa, kwarin ya bi ta Birnin Gaure ya faɗa kogin Isa a Bumba. Masana sun tabbatar da cewa shekaru dubbai da suka wuce kogi ne mai gudu. Da sama ta janye, ruwan ya nutse ƙasa, shi ya sa har gobe mai ginar rijiya a dallol ba ya yin nisa yake cim ma ruwa, alhali maƙwabcinsa na kan tudu sai ya sha wuya.

A can ƙarshen wannan kwari ta arewa, cikin fadamar Irhazer, akwai wani wuri da ake kira Azelik. Bahaushe ya bambanta kango da kufai: kango gida ne da mai shi ya tashi ya bari, kufai kuwa gari ne sukutum da mutanensa suka watse. Azelik kufai ne. Ya cancanci a ba shi wuri, shi da ƴan'uwansa, a cikin littafin da ke murnar cikar sarauta shekara ɗari, domin shekara ɗari a wajen gari ƙuruciya ce. Garuruwan da za a ambata a nan wasunsu sun ninka haka, sun yi sarakuna da alƙalai da malamai da attajirai, yau kuma babu mai kwana a cikinsu sai iska. Ba su da nisa da tarihin wannan ƙasa kamar yadda ake zato. Tarihin baka na gidajen sarautar Tagazar da Imanan yana kai asalinsu ga Abzinawan da suka gangaro daga arewa, kuma har yanzu samarin Kurfai da na Tagazar suna ɗaukar jaka su nufi ramukan hamada neman abin rufin asiri.

Takadda, garin jan ƙarfe

A shekarar 1353 matafiyin nan ɗan ƙasar Maroko, Ibn Battuta, ya taso daga Gao ya biyo ayari ya sauka wani gari da ya kira Takadda. Shi ne ya bar wa duniya bayanin garin mafi cika. Ya tarar da gidaje na jan dutse. Ya tarar da ruwan sha ya sauya launi da ɗanɗano saboda yana ratsawa ta inda ƙarfen yake. Ya ce mutanen garin ba su da wata sana'a sai fatauci, kowace shekara suna zuwa Masar su sayo tufafi masu tsada, kuma suna alfahari da yawan bayi. Sarkin ƙasar, mai suna Izar, ba ya ma zama cikin garin. Yana can cikin tantinsa tafiyar yini guda, irin zaman sarakunan makiyaya.

Abin da ya tara jama'a a wurin jan ƙarfe ne. A bayan gari ake tono shi, a kawo cikin gidaje, bayi maza da mata su narkar, a zuba shi sanda-sanda, tsawon kowace kamar taƙi da rabi, wasu masu kauri wasu sirara. Masu kaurin ana ba da 400 a kan miskalin zinariya guda, siraran kuwa 600 ko 700. Waɗannan sanduna su ne kuɗin garin. Da siraran ake sayen nama da itacen wuta, da masu kaurin ake sayen gero da alkama da man shanu, har da bayi. Daga Takadda ake ɗaukar ƙarfen a kai ƙasar da ya rubuta sunanta Kubar, wadda masana suka fahimta Gobir ce, a kuma kai Barno, tafiyar kwana arba'in. Wannan yana cikin wurare na farko da sunan wata ƙasar Hausa ya fito a rubutun Larabawa, kuma dalilin fitowarsa ciniki ne. Da Ibn Battuta ya tashi komawa gida cikin watan Satumba na wannan shekara, ayarin da ya bi zuwa Tuwat yana ɗauke da bayi mata kimanin 600. Mai karatu ya riƙe wannan lissafi tare da na zinariyar, domin arzikin Takadda a kan wuyan waɗannan bayin Allah aka gina shi.

Garin bai tsaya ga ƙarfe ba. Inda dukiya ta taru malamai sukan bi. A wajejen 1490 Shehu Muhammadu al-Maghili ya zauna Takadda ya karantar, kafin ya wuce Kano wajen Sarki Muhammadu Rumfa, daga baya ya tafi Gao wajen Askiya Muhammadu. Cikin waɗanda suka ɗauki karatu a wajensa a Takadda akwai Malam Aida Ahmad, wanda ya zama alƙalin Katsina. Ke nan hanyar da ta kai jan ƙarfe ƙasar Hausa ita ce ta kai littattafan fiƙihu.

Bayan haka sai sunan Takadda ya yi ta dusashewa, har cikin ƙarni na 16 ya fita daga bakin fatake, har aka zo aka rasa inda garin yake. Turawan da suka karanta Ibn Battuta sun daɗe suna gardama a kai. Akwai wurare fiye da ɗaya a yammacin Agadas masu suna Tagidda. Wani Bafaranshe masanin hamada, Henri Lhote, ya kafe a kan cewa Tagiddar gishiri ce ake nufi, wai an yi kuskure ne aka ɗauki gishiri a matsayin ƙarfe. Gani ya kori ji. Cikin shekarun 1970 masu bincike, musamman Suzanne Bernus da Pierre Gouletquer, suka yi ta komawa Azelik, kusa da Tagiddar gishirin, suna auna wurin taki bayan taki. Suka tarar da tushen gidaje na dutse, da harsashin masallatai da alƙiblarsu, da maƙabartu masu faɗi, da duwatsun niƙa da aka farfasa dutsen ƙarfe a kansu, da kashin maƙera, da ɓarɓashin jan ƙarfen kansa warwatse cikin ƙasa. Tun daga lokacin yawancin masana suka yarda Azelik ita ce Takadda. Wani mai binciken, Danilo Grébénart, ya gano wuraren narkar da ƙarfe a ƙasar Agadas waɗanda suka girmi Takadda nesa ba kusa ba, tun ƙarnoni kafin haihuwar Annabi Isa, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. A Marandat kuma, kudu da Agadas, garin da Larabawa suka ambata da sunan Maranda tun ƙarni na 9, wanda kuma yake fitowa a labarin ƙaurar Gobirawa daga Azbin, an tono ƴan kaskon narkar da ƙarfe dubun dubata, jibge wuri guda.

To, me ya kashe Takadda? Abu biyu suka haɗu. Ƙarfen Azelik ba tudu ba ne mai kauri. Ƴan ƙwayoyi ne cikin wani siririn shimfiɗin dutse, wanda sai an fasa dutse mai yawa kafin a sami kaɗan, kuma abin da ke kusa da sama ya ƙare. Na biyu, an kafa sarautar Azbin a farkon ƙarni na 15, ta zauna Agadas, ta ja hanyar ayari zuwa ƙofarta. Mutanen Ingal suna ba da labarin cewa yaƙi ya ɓarke tsakanin Azelik da Sarkin Agadas, aka ci garin, aka rushe shi, ƴan tsirarun da suka tsira su ne suka koma Tagidda da Ingal. Jikokinsu suna nan. Harshen da suke yi, Tasawak, gauraye ne da Buzanci, amma gindinsa ɗaya da Zabarmanci, har mutumin dallol zai iya tsintar kalmomin gidansu a ciki.

Abin lura shi ne yadda waɗannan mutane suka rayu bayan ƙarfe. Sun koma gishiri. A Tagidda-n-Tesemt, wato Tagiddar gishiri, ana kwaɓa ƙasa mai gishiri da ruwan zartsi na idanun ruwan wurin, a bar ta ta kwanta, a tsiyaye ruwan zuwa ƴan tafkuna ƙanana da aka jera ɗaruruwa, rana ta ƙone ruwan, a kwashe gishirin a cura. Jan gishiri ne, yawancinsa na dabbobi. Ba ya kawo tufafin Masar, amma ruwan zartsin ba ya ƙarewa kamar yadda ƙarfe ya ƙare, shi ya sa ƙauyen yake nan da rai shekaru ɗaruruwa bayan babban birnin ya zama kufai. Mutanen dallol masu dafa kanwa sun san irin wannan sana'a: ba ta sa mutum ya yi attajiri dare ɗaya, amma uba yana barin ta ga ɗa.

Tagaza da Asode da Jado

Shekara guda kafin ya iso Takadda, a 1352, Ibn Battuta ya kwana a Tagaza, can arewacin ƙasar Mali ta yau. Gari ne da babu itace ko ɗaya. Gidaje da masallaci duk da tubalin gishiri aka gina su, rufi kuwa fatun raƙuma. Mazaunansa bayi ne masu sarar gishiri, abincinsu dabino daga arewa da gero daga kudu, idan ayari ya makara sai yunwa. Gardama a kan wannan rami ce ta haɗa Sarkin Maroko da Askiyoyin Gao. Cikin shekarun 1580 sojan Maroko suka mamaye wurin, masu haƙa suka gudu suka bar musu ramuka, aka buɗe sabon wuri a Tawdanni. A 1591 rundunar Maroko ta karya Songhai a Tondibi. Da René Caillié ya ratsa ta Tagaza a 1828, kangayen gishiri kawai ya gani.

Asode, a tsakiyar duwatsun Azbin, ba rami ya kafa shi ba, hanya ce. Shi ne babban garin Abzinawan Kel Owe, zangon ayarin da ke tsakanin Ghat da ƙasar Hausa. Da Bajamushen nan Barth ya ratsa Azbin a 1850, labarin da ya samu shi ne yawancin gidajen garin sun riga sun zama kango. Yaƙin Kawusan na 1916 zuwa 1917, da ramuwar gayyar da Faransawa suka yi bayansa, su suka ƙarasa abin da ya rage. Bangon babban masallacin da layukan gidajen dutse suna nan tsaye.

Jado kuwa, a ƙuryar arewa maso gabas, bayan Tenere, ya fi su duka ɗaukar ido. An gina shi a kan dutse, ɗaki bisa ɗaki da yumɓu mai gishiri, daga nesa kamar suri, lunguna ƙunci-ƙunci yadda mahari ba zai shiga da raƙumi ba. Barebari ne suka zauna a ciki, a kan hanyar da ta haɗa Fezzan da Kawar da Barno. Hare-hare sun dame su, hanyar ta yi rauni, ga kuma abin mamaki: a tsakiyar hamada, sauron tafkunan da ke gindin garin ya addabe su da zazzaɓi. Suka watse, wasu suka koma Shirfa. Gonakin dabinon ba su mutu ba. Duk shekara idan dabino ya nuna Tubawa sukan zo su kafa bukkoki a gefen kufan, su girbe, su tafi. A 2006 Nijar ta sa yankin Jado cikin jerin wuraren da take neman hukumar UNESCO ta karɓa a matsayin kayan gadon duniya.

Ramukan zamani

Kada mai karatu ya ɗauka wannan labarin mutanen da ne kawai. Bayan yaƙin duniya na biyu an buɗe haƙar kuza a Almaki da Tarwaji cikin Azbin, kamfanin SMDN ya tara leburori, aka yi gidaje da kanti. A 1985 farashin kuza ya faɗi warwas a kasuwar duniya, kamfanin bai ƙara miƙewa ba, aka bar wa masu tono da hannu abin da ya saura. Haka ta faru a tudun Jos a Nijeriya, inda ramukan kuza suka zama tafkuna masu cin dabbobi da yara.

Babban labarin dai na yuraniyom ne, kuma ikon Allah, a Azelik ya fara. A 1957 ma'aikatan binciken ma'adinai na Faransa suka zo wurin suna neman jan ƙarfe, wato suna bin sawun mutanen Takadda, sai suka ci karo da alamun yuraniyom. Binciken ya ci gaba ya yi arewa, aka sami mai yawa a yammacin duwatsun Azbin. A 1968 aka kafa kamfanin SOMAIR, aka gina garin Arlit a fili fetal inda babu ko bukka, aka fara fitar da ƙarfen a 1971. A 1974 aka kafa na biyu, COMINAK, da jarin Nijar da Faransa da Japan da Sipaniya. Ramin Akuta ya fara aiki a 1978, zurfinsa kimanin mita 250, aka kuma gina wa ma'aikatansa garin Akokan. Ruwan sha daga ƙarƙashin ƙasa ake jawo shi, tsohon ruwa wanda sama ba ta mayar da gurbinsa. Wutar lantarki daga gawayin Anu Araran na kamfanin SONICHAR. Abinci kuwa, kamar Tagaza, daga kudu, sai dai a mota maimakon raƙumi, ta hanyar kwaltar da aka shimfiɗa daga Tawa.

Mutanen wannan yanki sun fi kowa tuna zamanin, domin ya zo daidai da mulkin Janar Seyni Kunce, ɗan Fandu, daga 1974 zuwa 1987. Kuɗin yuraniyom ne suka tsayar da manyan gine-ginen Yamai irin su otel Gaweye da zauren taro na Palais des Congrès. Wanda ya sami aiki a Arlit a shekarun nan, danginsa sun huta: ga albashi, ga gida, ga asibiti kyauta. Tun farkon shekarun 1980 farashin ya fara sauka, ƙasa ta shiga matsi, amma ramukan suka ci gaba.

Ranar 31 ga Maris 2021 aka rufe ramin Akuta. Ƙarfen da za a iya fitarwa da riba ya ƙare, bayan an kwashi kimanin ton 75,000 cikin shekara 43. Ma'aikata wajen 600 suka rasa aiki, ban da ƴan kwangila, ban da mai tireda da mai gasa nama da mai ɗinki da suke ci daga albashin nan. Akokan bai zama kufai ba, da mutane a cikinsa, kuma Arlit ta daɗe da zama zangon masu zuwa Aljeriya, ga kuɗin zinariya da ya shigo. Amma tambayar da ta fuskanci Takadda ita ce ta fuskance shi, har da ƙari. Mutanen Takadda sun bar kashin maƙera wanda ba ya cutar da kowa. Akuta ta bar tulin dusar ƙarfe kimanin ton miliyan 20 mai fitar da tururin da ido ba ya gani, wanda tsarin rufe ramin ya tanadi a binne shi da yumɓu da duwatsu. Tun kafin rufewar, ƙungiyar Aghir In'Man ta mutanen Arlit, tare da masu bincike na CRIIRAD da Greenpeace, sun nuna a 2009 da 2010 cewa akwai tarkacen ƙarfe mai wannan guba a kasuwa, da duwatsun rami a wasu titunan Akokan. A watan Yuni na 2025 gwamnati ta mayar da SOMAIR hannun ƙasa. Ko a hannun wa rami yake, ranar ƙarewarsa tana nan, kuma tulin yana nan bayan ta.

Azelik ma ta sake ganin baƙi. A 2007 aka kafa kamfanin SOMINA da jarin ƙasar Sin da na Nijar, aka gina masana'anta da gidajen ma'aikata a yankin tsohon kufan, aka fara fitar da yuraniyom wajen ƙarshen 2010. Zuwa 2015 aiki ya tsaya saboda rashin kuɗi da faɗuwar farashi, ma'aikata suka watse. Takadda ta yi ƙarnoni kafin ta mutu. Wannan zagaye bai cika shekara biyar ba.

Zinariya ta fi haka gaggawa. A watan Afrilu na 2014 labari ya bazu cewa an tsinci zinariya a yankin Jado. Cikin ƴan makonni dubban mutane suka kwarara daga ko'ina cikin Nijar, da Cadi da Sudan da Libiya, kowa da na'urar da ke kuka idan ta ji ƙarfe. Aka yi garuruwan tanti da leda, ana sayar da ruwa jarka-jarka da tsadar da ba a taɓa ji ba. A shekarar kuma aka buɗe Cibarakatan a bakin iyakar Aljeriya. A 2017 hukuma ta ba da umarnin rufe wurin Jado. Wasu sun dawo gida da mota da jari, kowa ya gan su. Waɗanda ƙishirwa ta kashe a hanya, ko rami ya rufta da su, ba a yi musu lissafi ba. Ba sai an je hamada ba ma. A jahar Tilaberi akwai Komabangu wajen Tera, inda aka fara tono tun farin shekarun 1980. A Ɗan Isa kuma, jahar Maraɗi, cikin watan Nuwamba na 2021, rami ya rufta ya kashe aƙalla mutum 18.

Mai son ganin kufai

Akwai lokacin da motocin ƴan yawon buɗe ido suke fita Agadas jere-jere lokacin sanyi, su kwana Asode, su ƙetare Tenere zuwa Jado. Tawayen shekarun 1990, da na 2007 zuwa 2009 wanda ya bar nakiyoyi a wasu hanyoyin Azbin, da satar mutane da ta biyo baya, sun kashe wannan kasuwa. Mai niyyar zuwa yau sai ya fara da neman izinin hukuma da jin shawararta. Ƙa'idojin da jagororin hamada suka gada ba su sauya ba: ba a tafiya da mota ɗaya, ba a tafiya ba ɗan ƙasa, ruwa kuma a ɗauki ninkin abin da ake zato. Tsohon rami ba abin leƙe ba ne, bakinsa yana iya zaftarewa, iskar cikinsa tana iya kashe mutum kafin ya yi kira. Ƙarfen da aka tsinta a kusa da ramin yuraniyom kuma ba na kai wa maƙeri ba ne, ko da ya yi kyan tukunya.

Haɗarin da kufai yake ciki daga mutane ya fi wanda mutane suke ciki daga kufai. Misalin yana nan cikin wannan jaha. A 1975 aka gano wurin Bura a ƙasar Tera. A 1983 masanin tarihi Boube Gado na cibiyar IRSH ta Yamai ya tona shi bisa ƙa'ida, ya fito da tulunan binne gawa da mutum-mutumin mahaya doki na yumɓu. Da aka nuna kayan a Turai suka yi suna, sai dillalai suka shigo ƙauyuka da kuɗi. Cikin shekarun 1990 talakawa suka farfashe maƙabartun yankin da fartanya da diga, aka sayar da kayan a banza, aka kai su shagunan Turai. Tulun da aka cire daga inda yake ba tare da an rubuta zurfinsa da abin da ke kusa da shi ba, ya zama ado kawai, ba ya ƙara ba da shaida. A 1997 aka kafa doka mai lamba 97-022 wadda ta hana tono da fitar da kayan tarihi ba da izini ba. Dokar tana Yamai, kufai yana daji. Wanda yake kusa da shi maigari ne, bayan shi sarki.

Ƙasar dallol ma tana da nata. A kan tuddan da ke gabas da Yamai masu bincike sun ƙirga wuraren narkar da tama dubbai, kuma manomi a Kurfai ko Tagazar ba baƙo ba ne ga baƙin dutsen nan mai ramuka da haukarsa take tonowa, ko tsingaron da ruwan sama yake wankowa a gefen gona. Kowane ƙauye yana da wurin da ake ce wa tsohon gari. Wasu yaƙe-yaƙen ƙarni na 19 ne suka tashe su, wasu rijiya ce ta ƙafe, wasu kuwa yunwar 1931 ce, shekarar fara, wadda ta yi wa ƙasar Filinge da Zabarma mummunar ɓarna har ƙauyuka suka watse, wasu suka yi Nijeriya ba su dawo ba. Ga kuma sababbi da suke ƙaruwa a idon kowa: ƙauyukan arewacin Abala da bakin iyakar Mali da rashin tsaro ya kora cikin ƴan shekarun nan, suka bar rumbu da masallaci da kabarin iyaye.

A irin waɗannan wurare babu Ibn Battuta da ya rubuta komai. Abin da ya rage yana bakin tsofaffi: sunan rijiyar da wanda ya gina ta, gidan da yake da limanci, inda maƙera suke, inda maƙabarta ta tsaya don kada garma ta shiga, da inda kowane gida ya nufa ranar tashi. Aikin bai fi ƙarfin fada ba. Malamin makaranta guda da littafi da wayar ɗaukar murya, tare da ɗan rakiya daga maigari, zai iya gama ƙauye cikin yini biyu, a ajiye kwafi ɗaya a gidan sarki, ɗaya a kai IRSH. Ya kamata a fara da ƙauyukan da suka fi tsofaffi. Jaririn da aka goya aka gudu da shi a yunwar 1931 ya haura shekara 90 yanzu.